Na Taɓa 'Ya'yan Zomanya da Hannun Humra

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Ku ɗan matso kusa, maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku yi mini dariya don kun ji zancen zomo ne, ni abin har tuwo ya hana ni ci.

Ni matar aure ce a nan Gadarif, yara duk sun girma sun watse, daga ni sai maigida, Abu Usman. Shi ya dawo daga aikin dawa a Gadambaliya da zomaye biyu, ya yi musu ɗaki gefen rumfar da muke shan jabana, wato gahawarmu ta nan. Macen Sukkar, namijin Basha. Wallahi yadda mutumin nan yake ji da Basha, ko jikansa sai haka. Yana kurɓar gahawa Basha na kan cinyarsa, yana miƙa masa ganyen barsim, yana masa hira kamar mutum.

Da zai tafi yankan riɗi a Fashaga, Sukkar na da ciki. Ya ce, "Hajja, abu ɗaya nake roƙon ki. In ta haihu kada ki sa hannu a raminta. In ta ji baƙon ƙamshi a jikin 'ya'yan, shi ke nan." Na ce, "Haba Abu Usman, ni da na goyi 'ya'ya na aurar, kai za ka koya mini jego?"

To ashe sai ana gobe zai dawo za ta haihu. Kun san halinmu mata in maigida na hanya. Na sha dilka, na zauna a ramin hayaƙi har na yi laushi, na mulke jikina da humra. Ina fitowa na leƙa ramin, sai ga 'ya'yan, jajaye, ba gashi, ido a rufe, suna motsi cikin gashin uwarsu. Wa zai ga wannan ya daure? Na kwashe su ɗaya bayan ɗaya, na shafa su, har sumbatar wani na yi, na mayar.

Da safe na kai barsim. Ya Rabbi! Wani ba kai, wani rabi ya rage, ita kuma tana zaune bakinta ja, tana tauna a hankali tana kallona da wannan hancin nata mai rawa. A nan na durƙusa na amayar da shayin da na sha. Uwa ta ci abin da ta haifa?

Da azahar ya iso, ko jakarsa bai sauke ba ya wuce wurinsu. Ya leƙa ramin, sannan ya ce, "Wa ya yi wannan?" Ban san lokacin da bakina ya ce, "Basha ne, da idona na gan shi," ba. Ya ɗauko wuƙa yana wasawa, ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Wanda ya ci 'ya'yansa ba ya zama a gidana." Ina tsaye, zomon ya taho da gudu wurinsa yana zaton barsim ne. Ina kallo ya yanka shi. Ni na dafa shi, na zuba miyar a kan kisira, wainar dawar nan tamu. Shi ya kasa ci, sai cewa yake, "Ci mana Hajja, kada ya lalace." Na haɗiye. Wace irin mace ce ni?

Maƙwabciyata Hajja Batul da na kai mata ragowar, ta shinshina ni ta ce, "Hmm, namiji ne ya ci? 'Yar uwa, wannan humrar taki tun daga ƙofa take sallama." Ba ta ƙara ba, amma ta gane.

Yanzu Sukkar ta rame. Ta kwanta a gurbin da Basha yake kwanciya, ta ƙi barsim, tana tsige gashin jikinta. Maigida ya ce kaɗaici ne zai kashe ta, ranar kasuwa zai samo mata aboki. Amma kullum sai ya ƙara da, "Ina tsoron kada in kwaso wani azzalumin irin Basha." Duk sanda ya zage shi, sai in ji naman nan ya taso mini a maƙogwaro.

Gaskiya ni ba na son a kawo wani. Ko kwanon ruwanta da tsinke nake turawa, ba na iya kallon bakinta, balle ta sake haihuwa a gidan nan. Amma in na hana, za ta mutu, ya zama rai nawa ke nan a wuyana? In kuma na ce a kawo, sai na gaya masa ba namiji ne abin tsoro ba, hannuna ne, ya san abokinsa ya yanka a kan ƙaryata.

Ke da kike karantawa, in ke ce, za ki bar shi ya tafi kasuwa yana tsine wa Basha, ko za ki tare shi a bakin ƙofa ki faɗa? Me zan yi?