Gara Ta Ci Kukar Rigachikun

Ladidi, babanki ne.

Ƙas-ƙas ɗin nan da na ji a ɗakina shekaranjiya da dare, kika ce kunnen tsufa ne, ashe gara ce. Yau da asuba na janyo kwalin hotunan daga bayan gado. Goma sha tara lafiya lau. Na kukar Rigachikun kaɗai ta shiga, ta cinye itacen tas, ta bar sama da gona. Fim ɗin da na wanko shi daga ciki ya lalace tun shekarar da ruwa ya shigo mana, kukar kuma bara aka sare ta.

Na tafi da sauran wurin mai firam, jibi ake buɗe nunin hotunana. Tun ban fita ba na gaji.

Wanda garar ta ci yana kan tabarma. Kada ki jefar, kada ki fesa masa fiya-fiya. Haka zan rataye shi, da raminsa. Shekara arba'in ina jiran ranar nan, ba zan fara babu kukar ba.

Maƙwabcinmu Barnabas ya leƙo, ya daɗe yana kallon hoton, ya ce, "Baba, yanzu wa zai yarda ta taɓa tsayawa a wurin?"