Kujerar da Aka Ajiye wa Auta

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa nema albarka. Mu nan da sauƙi, sai dai hankalina ba a kwance yake ba. Shi ya sa na ɗauki biro, tunda waya ka daina ɗagawa.

Inna ta sake faɗuwa a banɗaki. Ba ta karye ba, alhamdu lillahi, amma ta daɗe a ƙasa kafin maƙwabciya ta ji nishinta. Likita ya ce kada a ƙara barin ta ita kaɗai. Yaya ya ce gidansa za ta koma, ni na ce nawa, ita kuwa ta rantse ba inda za ta. Ka san bakin Yaya, ka kuma san ni ba na barin ta kwana. Har gaisuwa muka daina.

Ka tuna 'yata, wadda kake tsokana da Lauya, da surutun da muka yi mata don ta haɗa karatun halayyar ɗan Adam da na shari'a? To, aikinta ke nan yanzu, sasanta iyalai a kan tsofaffinsu kafin a kai ga kotu. Na ce ta zo ta raba mu, wai ƙa'idar aiki ta hana ta shiga rikicin gidansu. Ni da na haife ta! Sai ta haɗa mu da abokiyar aikinta.

Inda muka zauna da ita ɗan ƙaramin ɗaki ne, ba tebur, sai kujeru a zagaye. Matar ta ajiye wa kowa kujera, har da kai. Yaya ya ce a ɗauke, ai ba ka nan. Ta ce a aikinsu duk wanda magana ta shafa sai an bar masa wuri, ko ya zo ko bai zo ba. Daga nan ta fitar da mu, ta rufe ƙofa daga ita sai Inna. Ni da Yaya a benci ɗaya, kowa ya kau da kai.

Da aka kira mu, Inna ta yarda a gaya mana abu guda. Ba gidajenmu take ƙi ba. Tun da kuka yi faɗa da Yaya ka tafi, ka ɗauke wa kowa ƙafa har da ni, tana ganin ƙofarta kaɗai za ka iya ƙwanƙwasawa. In an kulle ɗakin nata, ta rasa ka ke nan. Wallahi Yaya ma sai da ya sunkuyar da kai.

Matar ta ce doka ba ta ba mu ikon ɗauke ta dole ba, tunda hankalinta garau. Don haka tana can ita kaɗai, ni kuwa da waya ta yi ƙara sai in ce ta sake faɗuwa. Ina tsoro, Auta. Za a sake zama farkon wata. In ba za ka iya zuwa ba, Lauya ta ce a ɗora waya a kan kujerarka, ka gaya wa Inna da bakinka cewa duk inda take za ka zo.

Maigidana da Lauya da Gwaggo suna gaishe ka. Inna ba ta ba da saƙo ba, ta ce da kanta za ta gaishe ka. Mayafinta ma can ta baro a kan kujerarka, wai kada wani ya zauna.

Yayarka,
Maman Lauya