Inna Ladi Ta Ɗauka Kai Ne

Zuwa ga Yaya Sani, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Yaya Binta da yara. Yaya kasuwa, yaya zaman baƙunci? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Makon jiya Mai Unguwa ya ba ni takardun sanarwar lambar agana, wato rigakafin da ake yi wa yara, rubutun ajami, in raba gida-gida a Sheshe, tsohuwar unguwarmu. Rabona da lungunmu tun da muka tashi daga can. Dakalin da muke hira yana nan, amma an sare durumin.

Na yi sallama a zauren Inna Ladi, mai ƙosan nan da take cika mana hannu da guntaye in za mu makaranta. Ta fito tana lalube, idon ya tafi. Tana jin muryata ta kama hannuna ta ce, "Sani! Ka dawo?"

Na ce, "Inna, Garba ne, ƙanensa."

Ba ta saki hannun ba. Can ta ce in karanta mata takardar. Da na gama ta ce in sake. Na ce ko ba ta gane ba ne?

Ta ce, "Na gane sarai, za a kai jikokin. Muryarku ce iri ɗaya."

Na zauna na sake karanta mata, a hankali.

Yaya, Inna ta tsufa ƙwarai. In da niyyar zuwa gida bana, don Allah kada ka jinkirta.

A sa mu a addu'a. Baba yana gaishe ka. Ka gaida mutanen gida duka.

Ƙanenka,
Garba