Awon Rijiyar Babana da Aka Ƙi Karɓa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Lissafi na makarantarmu, a nan Agadas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga uba, da fatan kana lafiya kai da iyali da dukkan malamanmu.

Sunana Rahamatu, 'yar Dabaga, ɗaliba a shekarar ƙarshe. Sau biyu na rubuto maka ta hannun sakatare, kullum sai a ce ka yi tafiya. Ga shi ƙarshen watan nan za a rufe kare kundin kammala karatu, nawa kuwa juri, wato malaman da ke tantancewa, sun ƙi shi. Idan aka rufe ban shiga ba, sai na maimaita shekara, kuma ba zan iya ba, don Inna ita kaɗai ta rage a garka. Shi ya sa na fito da maganar fili, ka yi mini afuwa.

Na farko, ga yadda aikin ya samo asali. Bara malaminmu Mushe Habu ya koya mana modélisation, wato yadda ake gina lissafin da zai kwaikwayi halin wani abu, har ya faɗi abin da zai yi nan gaba. Da tableur muka yi, shirin nan na ordinater, wato kwamfuta, mai gida-gida, inda kake canja lamba ɗaya sauran su bi ta. Ranar farko ya hana mu misalan littafi, ya ce kowa ya je gidansu ya nemo lambobi. Ni da na shiga lissafi don in guje wa laka da warin albasa, sai ga ni an mayar da ni bakin rijiya. Wallahi na ji haushinsa a lokacin.

Babana bai yi lakwal ba, wato boko, amma shekara shida yana awon ruwan rijiyarmu. Kowace Juma'a da safe, kafin a tayar da motopom na ban-ruwa, sai ya zura igiya mai dutse a baki har ƙasa, ya jawo, ya auna inda ta jiƙe da gaba, wato buɗin hannuwansa biyu, ragowar kuma da kamu. Sai ya rubuta da ajami a wani tsohon kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Da wannan yake sanin fangali nawa zai shuka. Kayen nan na ɗauko na zuba cikin tableur.

Na biyu, kuskuren da muka yi, don ban zo in ɓoye komai ba. Da zanen hawa da saukar ruwan ya fito, sai ya nuna ruwa ya faɗi warwas a wasu watanni biyar, alhali shekarar an yi damina mai kyau. Na yi mako biyu ina gyara formil ɗin lissafin, har na soma zargin kaina da daƙiƙanci. Mushe Habu ya duba hotunan kayen, ya nuna wani shafi ya ce, "Wannan rubutun ba na mutum ɗaya ba ne. Gabar wa aka auna da ita a nan?" Sai na tuna. Watannin nan Baba yana kwance da ciwon baya, yayana Sidi ne ke awon, kafin ya tafi haƙar zinariya Jado. Sidi kuwa zanƙalele ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Ruwan da Baba zai ce gaba uku, a hannun Sidi bai kai ba.

Ranar Asabar Mushe Habu ya hau babur ya je har Dabaga da ma'auninsa. Baba ya sa babbar riga kamar mai zuwa Idi, ya jingina da bango ya ware hannuwa yana cewa, "Malam, auna da kyau, kar ka rage mini ko yatsa." Aka sami metir ɗaya da santi sittin da takwas. Sidi ma wani tela ya auna shi can Jado, abokan aiki suna ta yi masa dariya, ya aiko ta waya: metir ɗaya da santi casa'in da ɗaya. Muka buɗe wa kowannensu gida a tableur, muka ƙara layin da ke nuna wanda ya yi awo. Nan take ramin da ke zanen ya cike. Na nuna wa Baba gidansa, ya daɗe yana kallo, ya ce ashe hannunsa ma ya shiga jami'a. Bayan Sallar layya Allah ya karɓi abinsa, ni na ci gaba da zuwa gida ina awon Juma'a.

Na uku, abin da aka yi mini. An dawo da kundin da rubutu layi ɗaya da jan alƙalami, wai awon ba na kimiyya ba ne. Ranka ya daɗe, kile ɗin USB da na sa tableur a ciki yana cikin ambulan ɗinsa, ko buɗe bakin ba a yi ba, yana nan a hannuna kowa na iya gani. Shafukan ajami aka hanga aka yanke hukunci. Da an buɗe, da an ga kowace gaba an mayar da ita metir. Da an ga mun ɓoye wa lissafin awon shekarar ƙarshe, muka ce ya faɗa da kansa, kuma ratar da ke tsakaninsa da igiya ba ta taɓa kai kamu ɗaya ba. Wannan abu ya yi mini zafi ƙwarai. Na kuma ji ana ganin laifin Mushe Habu, wai yana ɓata wa ɗalibai lokaci da aikin ƙauye. Mutumin nan shi ya sa na daina jin kunyar inda na fito.

Roƙona ba mai yawa ba ne. A ba ni rabin awa gaban juri kafin wata ya ƙare, da ordinater a kunne. Su canja duk lambar da suka so, su tambaye ni duk abin da suka ga dama. Idan lissafin ya karye, zan tattara takarduna ba tare da na ƙara cewa uffan ba. Kuma don Allah a bar Mushe Habu da darasinsa yadda yake yi.

Har yau ban faɗa wa Inna ba. Duk ranar da na kira ta, ba ta tambayar sakamakona, cewa take, "To, malaman sun duba aikin Babanku? Sun ce ya iya?" Ni kuwa sai in ce ba su kai kansa ba tukuna. Ka taimake ni in sami amsar da zan ba ta.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya maka zuriya, ya jiƙan magabatanka da namu.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Rahamatu