'Yata Ta Ware Wa Mahaifina Kofi

Didi Urmila,

Ki taimake ni, babbar yaya, kaina ya kulle. Mahaifina yana shirin komawa Kolkata ya zauna shi kaɗai, kuma idan ya tafi ban san a wane hali zan sake ganinsa ba.

Mu 'yan Bengal ne, ni da mijina Arindam, aiki ya kawo mu Mumbai. Kin san neman haya a garin nan. Dillali zai fara tambayar sunan gidanku, sannan ya ce, "Me kuke ci?" Mun sha yawo kafin mu samu gida a wani bene mai kyau, kusa da tashar jirgin ƙasa, ga makaranta a bayansa. Sharaɗin kwamitin benen shi ne ba nama, ba kifi, ba ƙwai. Ina buɗe baki Arindam ya take min ƙafa ya ce, "Mu ai ko warinsu ba ma so." Mutumin da aka yaye shi da kan kifi!

Tun 'yarmu Tuli tana goye muke nan, yanzu shekarunta bakwai. Ran Asabar sai mu bar ta wajen maƙwabciyarmu Kokila-ben, mu tsallaka wata unguwa mu ci kifi da shinkafa kamar ɓarayi, mu kuskure baki, mu dawo. Ba mu taɓa gaya wa Tuli ba, don yaro ba ya riƙe magana. A hannun Kokila-ben ta girma, kuma ba zan yi wa matar nan ƙarya ba, tana son ta kamar jikarta. Lokacin da aka kwantar da ni a asibiti ita ta riƙe gidana.

Da damina Baba ya faɗi a banɗaki a Kolkata. Tun rasuwar mahaifiyata shi kaɗai yake, sai washegari wani maƙwabci ya ɓalla ƙofa ya same shi. Na ɗauko shi. Mutum ne da bai taɓa wuni ba kifi ba, sai ga shi yana tura miyar wake da ganye, rigarsa tana ta yi masa yawa. Na kasa jurewa. Wata rana na sayo masa dafaffen kifi, na nannaɗe shi cikin jakar aiki, na rufe tagogi, na kunna turare. Didi, nan take ya hau cire ƙaya yana ci. Sai ga Tuli an taso su daga makaranta da wuri.

Ta toshe hanci ta ce wa kakanta, "Dadu, ashe kai ƙazami ne? Masu cin wannan ba sa shiga gidan mutane." Ya yi dariya ya ce, "Zo nan, uwar tsafta, uwarki ma da shi na raine ta." Ta ce ƙarya yake yi, ta dube ni. Na yi shiru. Har yau ban san me ya riƙe min baki ba.

Da yamma ta ɗauki kofin shayinsa ta ajiye a ƙasan wajen wanke-wanke, inda ta ga Kokila-ben tana ajiye na mai aikinta. Ba ta ƙara zama a cinyarsa ba.

Baba malamin tarihi ne, duk rayuwarsa yana koya wa yara cewa an daina wannan wariyar asali a ƙasar nan. Ya kira ni ya ce, "Khuku, na ci ganye ban yi ƙorafi ba. Amma ba zan zauna inda jikata take ƙyamar kofina ba. Gara banɗakina." Ya sa Arindam ya saya masa tikitin jirgin ƙasa, bayan bikin addininmu na Puja zai tafi.

Arindam cewa yake yi in daina kuka, kowa a Indiya ta yau lallaɓawa yake yi, mu ba ruwanmu da maganar asali, kuma wa zai ba mu gida kamar wannan? Jiya a lif ɗin hawa benen Kokila-ben ta ce min, "Ƙanwata, an ce ana jin wani wari a hawanku na huɗu. Ba dai daga bututu ba ne?" Ba na barci. Idan na faɗi gaskiya za a tashe mu, idan na yi shiru Baba zai tafi. Me zan yi?

Khuku, Mumbai

Khuku,

Ku biyu masu digiri kun zauna kun tsara ƙarya mai kyau, har ta yi aiki a kan mutum ɗaya tak a duk benen: 'yarku. Kokila-ben ta raini yara, tana da hanci, kuma ta ga yadda kuke dawowa ran Asabar fuska na sheƙi. Ina zaton ta daɗe da sani. Maganar bututun nan ƙofa ce ta buɗe miki.

Mijinki bai yi ƙarya ba game da haya, na san mutanen da suka canza har suna don su samu ɗaki. Maƙwabtanki ma ba dodanni ba ne. Wanda ya bar nama don addininsa bai cuci kowa ba. Inda abin ya lalace shi ne kofin. Mu 'yan boko muna son cewa mun manta da wane ne sama, wane ne ƙasa, amma ki shiga kicin ɗin kowannenmu ki tambayi kofin mai aiki, ba wanda zai yi lalube. Tuli ba ta ƙirƙiri komai ba. Ta duba manya ne ta kwaikwaya, kuma da ta juyo wajenki neman gaskiya ba ta samu ba.

Saboda haka da ita za ki fara, a makon nan. Ku fita ku huɗu wajen cin kifinku. Ki ci a gabanta da hannunki, Arindam ma ya ci, tun da shi ya iya. Ki ce mata, "Dadu bai yi ƙarya ba, ni ce na ɓoye miki." Za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwana biyu ba ta kula ki. Kada ki tura mata ko loma ɗaya. Idan ta zaɓi ganye har tsufanta, wannan nata ne. Amma ki gaya mata sarai cewa a gidanku kofi ɗaya ake sha, har da mai aiki, kuma ki tabbata haka ne kafin ki faɗa.

Kada ki ce ta rufa muku asiri, yarinya ba ma'ajiyar ƙaryar iyayenta ba ce. Ki riga ta zuwa wajen Kokila-ben, ke kaɗai, ki faɗa mata abin da kuke ci da halin da mahaifinki yake ciki. Ki yi mata alkawarin ba za ki ƙara shigo da kifi benen ba muddin kuna ciki, don kun ba da kalmarku. Tana iya rufe ido, tana iya kai ku kwamiti. Ki shirya wa na biyun: tun gobe Arindam ya koma wajen dillalai, wannan karon ya bar ƙafarki ta huta. Gidan da za ku samu zai fi nisa, zai fi matsi. Mutane da yawa suna rayuwa a irinsa ba su mutu ba.

Baba kuwa, kada ki roƙe shi da kuka, malamai ba sa jin roƙo. Ki ba shi aiki. Ki ce masa akwai ɗaliba ɗaya da aka koya wa darasi a karkace, kuma ba wanda zai iya gyara ta sai shi. Ki nemi ya ɗaga tafiyar zuwa ƙarshen zangon karatu. Ban taɓa ganin malamin da ya bar aji a tsakiyar darasi ba.

Ina yi masa fatan lafiya da ƙiba, ke kuma barci mai nauyi.

Urmila