Huji Bakwai a Motar Nura

Baban Nura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Allah, ga ni zaune a teburin yanka ina rubuta maka takardar da na san ba za ka karanta ba. Da ma ko kana nan ba karanta saƙona kake yi ba, sai ka kira ka ce in faɗa maka da baki. To yau sai ka yi haƙuri da biro. Labari ne ya cika min ciki, kuma duk wanda na ba wa sai in ji ba shi ne ya kamata ya ji ba.

Motar Nura ta tashi. Ƙarafunan nan da ka haɗa a tsakar gida ka tafi ka bar min su, ranar Asabar sun yi tafiya a kan taya huɗu. Amma saura ƙiris in karya maka alkawarin da ka yi wa yaron nan, kuma da shi ne karo na biyu. Bari in bi da kai a hankali.

Muna nan a gidanmu na Bagama. Hajiyarka lafiya lau, ban da gwiwa da kuma faɗa da awakin maƙwabta. Nura shekararsa sha ɗaya, ya kusa kamo kafaɗata. Hanifa, wadda ka bari a ciki, ta kusa biyar. Wushiryarka ce a bakinta sak. Taurin kai kuwa kowa cewa yake nawa ne, ni dai ban yarda ba.

Ka tuna ranar da ka zaunar da Nura a kan bokiti, yana ɗan shekara shida, ka ɗauki tef ɗina na awo ba tare da ka tambaye ni ba? Ka auna ƙafarsa, ka auna hannunsa, ka zana komai a bayan tsohuwar kalanda. Ka ce injin ban-ruwan da ka gyara shi zai ja motar, tayoyin baro a gaba, na keke mai ƙafa uku a baya, don ta iya hawa kwazazzabo da tudun bayan unguwa. A gabana ka yi masa alkawari cewa shi zai fara tuƙa ta, ba wani ba, ko kai kanka. Ranar ma sai da ka tsokane ni kan rigar da ke jikinsa, wai na saka maka ɗa a buhu. Kullum haka kake yi min in na ninke ƙafar wando ciki don in yaro ya ƙara tsawo a sake masa. Wai ni ba na ɗinka wa yaron yau, sai na baɗi.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Sarƙar babur ɗin da ka tanada don haɗa injin da tayar baya, wadda ka yi mako guda kana nema, har ka ɗora wa 'yan gwangwan laifi, ni na ɗauke ta. Tana ƙasan buhun ƙyallayena. Tsoro nake ji, Baban Nura. Na ga yaro ɗan shekara shida da inji a bayansa, na kasa yi maka gardama don na san sai ka ba ni dariya na yarda. Na ce bari in ɓoye ta wata ɗaya, ko zumuɗin zai sauka. Kafin watan ya cika ka kwanta ciwo, kafin na biyu ya cika mun rasa ka. Wa zan gaya wa cewa ni na hana ka ganin ɗanka a motar? Ko dai ka sani ne ka yi shiru? Kai da ba a ɓoye maka ko tsinken sakace a gidan nan?

Shekara biyar motar tana jingine a gindin mangwaro. Kar ka ji haushi, shanya na riƙa yi a kanta. Kaji sun kwana a ƙasanta, zanzaro ya yi gini a jikinta son ransa. Nura bai taɓa tambayata ba ko sau ɗaya. Amma ina ganinsa ta taga da safe, in zai tafi makaranta sai ya goge sitiyarin da hannun rigarsa ya wuce, yana zaton ba kowa.

Bayan ƙaramar Sallah 'yan gwangwan na gaske suka zo, suka ce in ba su ita su rage min tarkace. Har na ce su ɗauka. Sai ga Nura ya fito da kayan makaranta a jikinsa, ya zauna a kan ƙarfen, ya rungume jakarsa. Bai yi kuka ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, ko motsi. Mutanen suka gaji suka tafi. Ni kuma na shiga ɗaki na zazzage buhun ƙyallaye a ƙasa. Sarƙar na nan a naɗe cikin tsohon zanina, ko tsatsa ba ta yi ba.

Washegari na hau mota zuwa Madalla wajen abokinka Yohanna mai walda. Da ya ga kalandar da rubutunka, sai ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba a cikin akwatin kayan aiki. Asabar uku yana zuwa da injin waldarsa a bayan babur. Ya wanke injin, ya sa birki, ya ɗaura sarƙar, ya yanke ƙafafun kujerar roba ya kafa ta daidai inda ka bar noti a jiki. Da na dame shi da maganar gudu, sai ya sa wani noti a ƙasan totur, ya rantse min cewa Hajiya ma in ta yi niyya sai ta kamo ta da ƙafa.

Sau uku bawan Allahn nan yana ce min, da Hausarsa mai haɗe da Turanci, Madam a sake auna yaro, yaro ya girma. Na ce ko inci ɗaya ba za a taɓa awonka ba. Ka ji fa! Ni tela, da na yi shekara ashirin ina yi wa iyaye wa'azi a kan yara suna girma. Gani nake in aka canja abin da ka zana, ta tashi daga motarka ta koma ta wani. Fenti ma ni na yi da kaina, shuɗi, ragowar na ƙofar shago. Ban kankare komai ba, na bi ta kan tsatsa da ginin zanzaro na shafe, ina sauri.

Ranar Asabar da hantsi muka turo ta filin bayan unguwa. Yaran layinmu kaf sun fito, har da waɗanda ban san iyayensu ba. Hajiya ta sa aka kawo mata kujera. Na cusa ƙyallaye a hularka ta kwano na kifa wa Nura. Yohanna ya ja igiya sau biyu, a na uku ta ɗauka, yara suka sa ihu, awaki suka watse.

Nura ya shiga. Gwiwoyinsa suka tokare sitiyari. Ya karkace, ya lanƙwashe, ya cire takalmi, ina! Ƙafarsa ba ta iya sauka kan birki, sitiyarin ba ya juyuwa. Wani yaro ya ce a ba ƙaninsa ya gwada tunda shi zai shiga. Yohanna ya kashe injin. Ni kuwa ƙasa kawai nake kallo. Da farko na ɓoye sarƙa, yanzu kuma da taurin kaina na gina wa yaro motar da ta yi masa kaɗan. Wallahi da na ga hawaye a idonsa a lokacin, ban san inda zan sa kaina ba.

Bai yi kuka ba. Fitowa ya yi, ya tsinci ƙusa a ƙasa, ya durƙusa bayan kujerar yana shafa ƙarfen da take zaune a kai, kamar mai laluben allura a tabarma. Ya soka ƙusar a cikin fentina. Busasshiyar laka ta zubo, sai ga huji. Ya matsa baya kaɗan ya sake sokawa, wani hujin. Haka ya yi ta yi a gefe biyun, zanzaro duk ya toshe su, ni kuma na bi da fenti. Da wanda notin ke ciki, huji bakwai a kowane gefe, a jere, tsaf.

Sai ya ɗago ya ce, “Baba ya ce duk shekara a matsa guda ɗaya. Ya ce irin ƙafar wandon Mama ne.”

Baban Nura, ashe haka kake? Kana yi min dariya da rana, kana kwaikwayona a ɓoye? Me ya hana ka faɗa min ko sau ɗaya, in samu abin yi maka gori? Dariya da kuka suka haɗe min a lokaci guda, har Hajiya ta ce in rufe baki a gaban yara, alhali ita ma mayafinta ya jiƙe.

Yohanna ya kwance noti, Nura ya ƙirga da kansa, aka kai kujerar huji na shida. Ya zauna, ƙafarsa ta sauka kan birki daidai, kamar yau ka auna shi. Shi ya fara tuƙa ta. Ka ji ko? Ba wanda ya riga shi. Ya bi ta cikin kwazazzabon nan yana tsalle a kujera, ya hau tudun, ya tsaya a can sama ya ɗaga mana hannu, sannan ya gangaro da jar ƙasa har a haƙora. Rabon da in ji irin wannan dariyar a bakinsa tun kana nan. Yaran suka bi shi a guje, ni ma na bi, zani a hannu, ban damu da wanda ke kallo ba.

Da ya yi zagaye uku sai ya tsaya da kansa, ya ce a mayar da kujerar hujin farko. Ya ɗauko Hanifa ya zaunar, muka sa mata matashi a baya. Yana tafe a gefenta riƙe da ƙarfen, yana gaya mata ga birki, ga totur, da muryarka ta koyarwa, har da tsakin. Ita da ba ta taɓa ganinka ba, ta zauna a wurin da ka auna da hannunka. Tun ranar duk wanda ya shigo gidan nan sai ta ja shi gindin mangwaro ta nuna masa motar da Babanta ya yi mata. Nura bai gyara mata zancen ba.

Na gaya masa maganar sarƙa da muka koma gida. Sai ya tambaye ni ko akwai sauran tuwo. Na ɗauka ya yafe. Saura kai, kuma na san halinka.

Shi huji ɗaya ya rage masa, ita kuwa shida na gabanta. Baɗi in Allah Ya kai mu ni zan matsa kujerar da hannuna, Yohanna ya koya min. Sifanarka na rataye ta a ƙusa, a bakin ƙofar ɗaki, inda kowa ke gani.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka makwanci kamar yadda ka yalwata wa yaran nan wurin zama. Sai mun zo.

Taka, mai ɗinka wa yaron baɗi,
Maman Nura