Ranar da Konkod Ya Yi Saukar Ƙarshe

Landan, Oktoba 2003

Zuwa ga ƙanwata Luba,

Assalamu alaikum. Ina fata ke da yara da mutanen Yako kuna lafiya. Ya aikin kaka? Ni lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Jirgin nan Konkod, mai riga ƙararsa isowa, ya yi ritaya ranar Juma'a. Turawa suka cika bakin filin jirgi da tutoci, har da masu hawaye, kya ce babban liman aka rasa. Ni dai na tsaya cikinsu, raina ko gezau.

Shekarun da na yi ina shara kusa da injinan jirage sun cinye mini kunne. Rugugin jirgin nan kaɗai ya rage da nake ji sosai. Yanzu gari ya yi tsit.

Ki ce wa ɗanki Sagir ya huta da zuwa Kwanar Dangora buga mini waya. Duk "to, madalla" da nake ce masa, faɗa kawai nake yi, ba jin sa nake ba. Ku rubuto, idon da sauransa.

Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Abdussalami